Cokalin Baba da Minti Saba'in da Biyu

Talata, 6:05 na safe. Saura kwana 21.

Wannan littafin na saye shi ne don in riƙa rubuta ƙa'idojin da suka ƙi zama a kaina. Shafi uku na cika da su, sai ga ni ina rubuta wannan. Ba komai, ai littafina ne.

Saura sati uku in shiga jarrabawar ƙarshe ta zama cikakkiyar akanta. Takarda ɗaya tal ta rage min, kuma sau uku tana kayar da ni: 46, 48, 47. Hamsin ake nema. In na sake faɗuwa, wa'adin da hukumar jarrabawa ta ba ni ya cika, takardun da na ci a baya sun tashi a banza, sai dai in koma in sake su. Shekarata talatin da tara, ga 'ya'ya biyu, ga gwiwa mai ƙara in ina hawa bene. Ba zan koma ba, na san kaina.

Baba yana asibiti tun ranar Asabar. Gado na shida, kusa da taga.

Zancen Asabar ba yau ba.

Laraba, 1:20 na rana, a ofis.

Oga ta leƙo ta ce in ina son hutu in ɗauka. Wannan Ogar ni na nuna mata inda ake ajiye fayil shekara shida da suka wuce. Ta ci jarrabawarta a zama ɗaya, ni kuma ina nan ina miƙe mata in ta shigo. Yarinyar kirki ce, shi ya sa ma abin ya fi ci min rai, don ba ni da inda zan kama ta. Na karɓi rabin yini, in tashi ƙarfe biyu in wuce asibiti.

Malamin da ke mana bita, wanda muke kira Ɗaya-da-Takwas a bayan idonsa, ya sake turo mana saƙonsa na kullum: "Maki ɗari, minti ɗari da tamanin. Kowane maki minti ɗaya da ɗigo takwas." Tambaya ta farko maki arba'in ce, minti saba'in da biyu. Sauran ukun maki ashirin-ashirin, minti talatin da shida kowacce. Na haddace wannan kamar sunana.

Ba hadda ce matsalata ba. Tambaya ta farko ita ce wadda ake haɗa lissafin babban kamfani da na ƙananan da ke ƙarƙashinsa, a ƙarshe ɓangare biyu su zo daidai. In ba su zo daidai ba, hannuna ba ya iya juya shafi. Sai in zauna ina farautar giɓin, ina cewa saura minti biyu, saura minti biyu, har mai sa ido ya ce a ajiye biro. Sau uku ke nan ina fita ban ko gaisa da tambayar ƙarshe ba.

Gado na yi. Baba shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da siton wani kamfani, bai taɓa sa kwaɗo a ƙofa ba alhali abin da ke kan kanta bai yi daidai da na takarda ba. Ya taɓa tsare leburori shida har magariba saboda kwalin ƙusa ɗaya. A bayan ƙofa aka same shi. Da alfahari yake ba da labarin, mu kuma da alfahari muke saurare.

Alhamis, 5:40 na yamma.

Baba ya gane ni. Da ido kaɗai.

Juma'a, 7:15 na yamma. Saura kwana 18.

Gefen damansa ba ya motsi. Bakin ya karkace kaɗan, yana neman magana amma ba ta fitowa. Hannun hagu ne ke aiki, da shi yake jan bargo, da shi yake korar Auta in ya dame shi da surutu. Autan namu ƙato ne mai gemu da 'ya'ya uku, amma a gaban Baba har yanzu ƙeya yake sosawa. Shi ke kwana da shi, ni ke yini.

Likita ya shigo da 'yan takardunsa ya sake tambaya ƙarfe nawa abin ya fara, kuma ƙarfe nawa aka kawo shi. Auta ne ya amsa. Ya ce maƙwabcinmu mai shago ne ya same shi a tsakar gida wajen ƙarfe ɗaya da rabi, amma ba wanda ya san tun yaushe yake kwance. Likita ya rubuta, ya ɗan ja numfashi.

Ni takalmina na kalla. Igiyar na hagu ta fara tsinkewa, sai na kai gyara.

Asabar, 12:30 na rana.

Yau ya kamata in yi gwajin jarrabawa cikakke, awa uku da kwata, a ɗakin baya, waya a kashe kamar yadda za a yi ranar gaske. Maigidana ya kwashe yaran ya fita da su don in samu shiru. Na shimfiɗa takardu, na fiƙe fensir, na ɗora yatsa a kan maɓallin waya.

Na kasa dannawa.

Na bar ta a kunne, a kife. Sau goma sha ɗaya na juya ta, na ƙirga. Ba wanda ya kira sai mai gyaran famfo. Tambaya ɗaya da rabi na yi. Da Maigidana ya dawo ya tambaye ni ya aka yi, na ce lafiya lau. Ya kalli takardun, ya kalle ni, ya je ya ɗora ruwan shayi. Wani lokaci shirunsa rahama ne, wani lokaci kuma ji nake kamar in jefe shi da kalkuleta.

A zauren jarrabawa karɓe waya ake yi a bakin ƙofa. Ban san yadda zan yi da wannan ba.

Lahadi, 4:00 na yamma.

Bayan bita Ɗaya-da-Takwas ya tsayar da ni. Ya duba gwajina na watan jiya, yana kaɗa kai kamar tela ya ga ɗinkin wani.

"Hajiya, a tambaya ta ɗaya kin samu talatin da huɗu cikin arba'in. A ta huɗu kin samu nawa?"

"Ban kai can ba, Malam."

"Minti nawa kika ƙara wa ta ɗaya?"

"Kamar arba'in."

"Kika sayi maki nawa da su?"

Na ce wataƙila biyu. Ya ce to, da minti arba'in ɗin nan na kai su tambayar ƙarshe, ko da rabin hankali na amsa, goma na nan suna jirana. Makin farko na kowace tambaya arha ne, na ƙarshe ne ke tsada. Mai duba takarda hanyar da aka bi yake ba wa maki, ko lambar ƙarshe ta kauce ba zai hana ni haƙƙina ba. A minti goma sha biyar na karatu in zaɓi tambayoyina, in rubuta lokacin tashi a saman kowacce, lokaci na cika in bar fili in wuce.

"Malam, duk na san wannan."

"Na san kin sani. A ajin nan ba wanda ya kai ki ilimi. Taurin kai ne ke kayar da ke, ke kuma kina kiransa amana."

Na ji haushi har kunnena ya yi zafi. A mota na ba shi amsa mai kyau sosai, sai dai a lokacin ya riga ya tafi.

Litinin, 6:50 na yamma. Saura kwana 15.

Abin dariya ya faru yau, rabon da in yi dariya har na manta.

Na tafi asibiti da littafin tsofaffin tambayoyi, don zaman yana da tsawo kuma Baba barci yake yawan yi. Na ɗora takarda a kan allon da ake ba shi abinci, na rubuta lokacin tashi a sama da manyan lambobi kamar yadda Malam ya ce, 3:36. Na shiga aiki na manta da duniya.

Sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Baba ne. Ya jawo cokalin shayi daga kan durowa yana buga ƙarfen gado da shi. Na zabura na ce, "Baba, ruwa? Ko in kira nas?" Ya harare ni da idon nan nasa na sito. Ya nuna lambar da na rubuta, ya nuna agogonsa da Auta ya mayar masa hannun hagu. Ƙarfe 3:41. Na wuce da minti biyar.

Na ce, "Saura kaɗan in gama, layi biyu ne."

Ƙwal.

Mutumin gado na bakwai, wani tsohon direban babbar mota mai karyayyen ƙugu, ya ce, "'Yata, ki bi umarni. Mu da muka shekara a hanya mun san in an daki mota tashi ake yi." Na juya shafin. Baba ya mayar da cokali kan ƙirjinsa ya lumshe ido.

Talata, 2:50 na rana.

Na tarar ya riga ya riƙe cokalin yana jirana.

Alhamis, 7:30 na yamma. Saura kwana 12.

Kwana huɗu ke nan muna yi. Na rubuta masa jadawali a bayan wata takardar magani, irin na ranar jarrabawa sak: karatu 9:00, fara rubutu 9:15, tashi daga ta ɗaya 10:27, ta biyu 11:03, ta uku 11:39, ajiye biro 12:15. Mu da rana muke yi, sai ya lissafa da kansa daga lokacin da na fara. Kansa garau yake, ko daƙiƙa ba ya yafewa.

Nas mai tabarau ta ce mun mayar mata da ɗakin marasa lafiya makaranta, amma na ga ta kawo masa babban cokali don ƙaramin yana suɓuce masa. Direba kuwa ya naɗa kansa mataimaki. Yana ganin Baba ya ɗaga hannu zai ce, "Fasinja a shirya, tasha ta zo!"

Yau ta ɗaya ta ƙi daidaita. Giɓin dubu uku da ɗari shida. Ina ganin inda yake ɓuya, wallahi ina jin ƙamshinsa, sai ƙwal. Na ce, "Haba Baba, kai fa ka koya min. Kai da ka tsare mutum shida saboda kwalin ƙusa?"

Rabin fuskarsa ya yi murmushi, amma bai fasa bugawa ba. Na juya shafin, ji nake kamar na bar tukunya a wuta na fita unguwa. Na gama duka huɗun, karon farko a rayuwata. Da na duba amsa na ba kaina maki tsakani da Allah, sittin da ɗaya.

Na yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Baba ya iya lissafa minti saba'in da biyu ba kuskure. To ai ya iya lissafa wasu mintocin ma.

Asabar, 11:10 na safe.

Ba na son Asabar.

Litinin, 8:00 na dare. Saura kwana 8.

Babban likita ya kira mu baranda, ni da Auta. Ya yi magana mai tsawo cikin ladabi, yana juya biro a hannu. An sake ɗaukar hoton kan, an ga wani abu da ba a so. Na riƙe kalma biyu daga cikin maganarsa, ba zan rubuta su a nan ba. Ya ce ko yaushe, kuma ya ce mai yiwuwa a daɗe. Ban san wane irin lissafi ne wannan ba.

A bakin get na ce wa Auta na fasa jarrabawar.

"Yaya, ba ki da hankali ne?"

"Ka iya bakinka, ni ba sa'arka ba ce."

"Ki yi haƙuri. Amma awa uku ne fa. Ina nan, nas na nan, me zamanki zai ƙara?"

"Awa uku da kwata, waya a kashe."

"To sai me? Wa ya taɓa mutuwa don ya kashe waya?"

Bai san abin da ya faɗa ba, Allah ya gani bai sani ba. Na tare mota na shige ban yi masa sallama ba. Ya kira sau biyu, na ɗauki duka biyun na ce ina jinsa.

Talata, 6:20 na yamma.

Na je ba littafi. Baba ya kalli jakata, ya kalli allon abinci, ya kalle ni. Na gyara masa matashi na ce, "Baba, na ɗage jarrabawar nan. Wata shekarar ma rana ce." Ƙarya ce, ya kuma san ƙarya ce, don shi na fara gaya wa zancen wa'adi tun bara.

Ya fara buga cokali, ba irin bugun lokaci ba. Ya yi ta bugawa ba tsayawa har masu jinya na ƙarshen ɗaki suka miƙe, nas ta shigo da gudu. Jijiyar wuyansa ta tashi, bakinsa na ta kokawa, sai wata murya ta fito wadda ban san ta ba, kamar an ja kujera a kan siminti.

"Wuce."

Kalmarsa ta farko cikin kwana goma sha bakwai. Ba sunana ba, ba na Auta ba. Nas ta ce alhamdulillahi, Direba ya share ido da gefen zani yana cewa fankar nan tana sa masa hawaye. Ni na sauka ƙasa na kira Maigidana na ce ya kawo min littafin.

Alhamis, 7:05 na yamma. Saura kwana 5.

Sittin da huɗu jiya, hamsin da tara yau. Na fara da ɓangaren bayani na kowace tambaya kafin lissafi, makinsa na zuwa da sauri.

Da zan tafi na ce, "Baba, ranar Talata ka ara min agogon nan. An yarda a shiga da mai hannu irin naka. Zan ajiye shi a gabana, kamar kana wurin."

Na kai hannu zan kwance. Ya janye hannun ya tura shi ƙarƙashin bargo, ya juya fuska wajen taga.

Baba bai taɓa hana ni komai nasa ba. Kekensa ya sayar ya biya min rajistar farko.

Ya sani ke nan.

Juma'a, 5:50 na safe.

To, bari in rubuta, tunda littafina ne.

Ranar Asabar ɗin nan gwaji nake yi a ɗakin baya. Na kashe waya ƙarfe tara. Lokaci ya cika 12:15. Da na bi ƙa'ida, da 12:15 na ajiye biro na kunna waya. Amma ta ɗaya ba ta daidaita ba, dubu huɗu da ɗari biyu, sai na koma mata. Na ce minti biyar.

Na kunna waya 1:35. Kira uku daga Baba: 12:20, 12:31, 12:48. Auta yana wurin aiki a can ƙarshen gari, ni kuma tsakanina da gidan Baba tafiyar minti goma ce.

Na gano giɓin, af. Na rubuta wata lamba sau biyu ne.

Kwana ashirin ke nan ina wannan lissafin. In da na ɗauka 12:20, ina can 12:30, muna asibiti kafin ƙarfe ɗaya. Na tara, na ɗebe, na sake tarawa a mota, a banɗaki, a kan sallaya. Likita bai ce da an kawo shi da wuri da ya tashi ba. Bai kuma ce da bai tashi ba. Na goge kiran daga wayata, amma wayar Baba tana cikin durowar gadonsa, kuma kansa garau yake.

Asabar, 3:00 na rana.

Ban je ba. Na ce wa Auta ciwon kai.

Lahadi, 6:45 na yamma. Saura kwana 2.

Na same shi shi kaɗai, an tura Direba ɗaukar hoto, Auta ya je gida wanka. Na ja labule, na zauna a gefen hagu inda yake ji sosai. Ban buɗe littafi ba.

Na ce, "Baba, ranar nan da ka kira ni, ba wai ban ji ba ne. Wayar a kashe take. Kuma lokacin gwajin ya riga ya cika, ni ce na ƙi tashi."

Ya kalli agogo. Na ɗauka ƙosawa ya yi, amma tunda na fara sai na ci gaba. Na faɗa masa lambobin duka, da dubu huɗu da ɗari biyun, da minti goman da ke tsakaninmu. Na ce ina jin kunyar haɗa ido da shi. Na ce ya yafe min, in ma ba zai yafe ba ya nuna min in sani. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna, har da majina, ba kyan gani. Na koma farko na sake jero lambobin, in da na ɗauka 12:20, in da na...

Ƙwal.

Sau ɗaya, a hankali. Na ɗago. Idonsa ya jiƙe, amma fuskar ta sito ce. Ya nuna agogo. Ni ma na duba, don hali ba ya barin mutum ko a cikin kuka. Minti tara cif ya ba ni, abin da ake ba tambaya mai maki biyar.

"Wuce," in ji shi. Ya ajiye cokalin, ya ɗora hannun a kaina, ya daɗe bai ɗauke ba. Hannun ba nauyi yanzu.

Na yi dariya cikin hawaye na ce, "Maki biyar kacal, Baba?" Ya ɗaga kafaɗarsa mai motsi.

Agogon dai bai ba ni ba. Ban sake tambaya ba.

Litinin, 5:30 na yamma.

Biro uku, kalkuleta da sabon batir, katin shiga, ruwa. Ɗaya-da-Takwas ya ce yau kada kowa ya buɗe littafi. Takardar maganin da na rubuta jadawali a bayanta na nema a kan durowar Baba ban gani ba, Auta ya ce wataƙila masu shara ne. Ba komai, yana kaina.

Yau Baba barci ya yi ta yi. Numfashinsa ya canja. Nas ta ce haka yake yi wani lokaci, amma ba ta kalle ni ba da take faɗa.

Talata, 8:35 na safe, a bakin zaure.

Zan kashe ta yanzu. Ya Allah.

Talata, 6:10 na yamma.

Bari in bi shi daki-daki kada in manta.

Agogon bango ne a gabanmu, babba, mai jan hannu. A lokacin karatu na zaɓi ukun da zan haɗa da ta ɗaya, na bar wata doguwa mai kama da tarko. Ana cewa a fara, na rubuta lokacin tashi a saman kowane shafi kafin komai.

Ta ɗaya ta tafi lafiya har ƙarshe, sannan na ja layi na tara. Ba ta daidaita ba. Dubu bakwai da ɗari biyar. Na kalli bango, 10:25. Na san irin wannan giɓin, rabinsa dubu uku da ɗari bakwai da hamsin, wato akwai lambar da na sa a ɓangaren da ba nata ba. Minti biyar zai ishe ni, wallahi minti biyar. Yatsana har ya fara bin layi.

10:27. Zauren tsit, sai ƙarar fanka. Ba cokali.

Na ɗaga biro na buga shi a gefen tebur sau ɗaya. Mai sa ido ta waiwayo ta harare ni. Na bar rabin shafi fari na juya.

Wayar ta faɗo min a rai a tsakiyar ta biyu, ta sake faɗowa a ta uku. Kowane karo na ce mata ba lokacinki ba ne. Ta huɗu, wadda shekara uku ban taɓa ganin fuskarta ba, ashe mai sauƙin kai ce, rabinta bayani ne da nake yi wa Oga kullum a ofis. Na sa aya ta ƙarshe 12:13. Minti biyu ba sa kama giɓi, sai na duba lambar kujerata na rufe takarda.

A waje na karɓi jakata. Na tsaya ƙarƙashin wata bishiya da waya a hannu, mutane na wuce ni suna gardamar amsoshi. Na daɗe kafin in danna.

Ba kira ko ɗaya. Saƙo huɗu, duka daga Auta.

10:27. "Yaya, Baba ya buga. Takardar jadawalinki tana hannunsa tun jiya, shi ya ɓoye ta. Tun asuba ya hana a ba shi maganin da ke sa shi barci."

11:03. "Ya buga. Direba ya ce tasha ta biyu."

11:39. "Ya buga, amma da ƙyar. Na tallafa masa hannu."

12:15. "Ya nuna min in buga masa, na buga. Yana nan, idonsa biyu, ƙofa yake kallo. Ki taho a hankali."

Ban taho a hankali ba.

Na same shi ya yi ƙasa sosai a kan matashi, agogon ya yi wa hannun yawa har yana zamewa. Ya ɗaga min gira. Na nuna masa yatsu huɗu na ce, "Duka, Baba. Har ta ƙarshe." Ya lumshe ido ya buɗe. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa ya ɗan karkata shi hagu da dama, yana tambayar ta ɗaya.

Na ce, "Ba ta daidaita ba. Dubu bakwai da ɗari biyar. Na bar ta a haka na rufe."

Sai ga rabin murmushin nan. Ya miƙo min hannun, ya juya shi maɗaurin agogon na sama. Na kwance, ya bi ni da ido har na ɗaura a nawa.

Sakamako sai nan da sati shida. Likita ya ce gobe da safe yana son ganinmu, ni da Auta. Ban lissafa komai ba.

Cokalin yana kan durowa. Nas ta zo kwashe kwanuka, na ce ta bar shi.